Lafiyarmu jarinmu: hakin mai biƙi, a duba zuciya

Maganarmu ta wannan wata a kan wani ciwo ne da ke kama tsokar zuciyar mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin wata biyar bayan ta sauka. Zuciyar sai ta saki, ta buɗe, ta kasa tura jini da ƙarfi. Kamar famfon da robarsa ta ci: kina ta bugawa, ruwan da ke fitowa kaɗan ne. Jinin da bai wuce ba sai ya taru, ruwa ya kwanta cikin huhu da ƙafafu da ciki.

Ciwon nan namu ne na gida, don ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. A Sakkwato, binciken da aka fitar a 2007 ya same shi ga mace 1 cikin haihuwa kusan 100. A babban asibitin ƙasa na Yamai ma, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun yi shekaru suna bin matan da ya kama.

To me ke kawo shi? Ɗaya daga cikin abubuwan da likitoci suka daɗe suna zargi shi ne ƙananan ƙwayoyin cutar da ake kira birus, dangin masu kawo mura da ƙyanda da shan inna. Wasunsu in sun shiga jiki ba su tsayawa ga majina da masassara, sai su kai ga tsokar zuciya su kumbura ta. Wani lokaci kuma garkuwar jiki ce, wajen yaƙi da su, take yi wa zuciyar rauni. Akwai mai suna koksaki, ɗan gida ɗaya da na shan inna, wanda ke bin bayan gida da hannun da ba a wanke ba. Korona ma tana taɓa zuciya, haka ƙwayar sida. A Jamus, a 2005, an gwada tsokar zuciyar mata 26 masu wannan ciwo, aka sami birus ga 8.

Amma ba shi kaɗai ba ne. Da aka auna jinin mata a Yamai, an ga alamar irin waɗannan ƙwayoyi ga masu ciwon da masu lafiya duka. A 1992 kuma aka gano jinin masu ciwon yana da ƙarancin wani sinadari, seleniyom, wanda ake samu cikin kifi da ƙwai da nama. Ga hawan jini na ciki, ga cikin tagwaye, ga haihuwa kusa da kusa, ga gado. Ita zuciyar mai ciki dama nauyin mutum biyu ta ɗauka, don jinin jiki yana ƙaruwa kusan rabi. In wani kaya ya sake hawa kanta, sai ta durƙushe.

Abin da ke cin ranmu shi ne alamun sun yi kama da gajiyar ciki da ta biƙi. Sai a ce mura ce, sanyi ne, za ya wuce bayan arba'in. Mu riƙe waɗannan da kyau:

Haki da ɗan aiki kaɗan, kamar shara ko zuwa makewayi.

Ba ta iya kwanciya shimfiɗe, sai ta jingina da matashi biyu ko uku, ko ta kwana zaune.

Tana farkawa tsakar dare numfashi na sarƙewa, ga tari, wani lokaci da kumfa.

Kumburin ƙafa da bai saɓe ba bayan haihuwa, in an danna da yatsa ramin ya zauna.

Bugun zuciya da sauri, jiri, ko ciwon ƙirji, musamman bayan mura ko masassara.

Wadda ke da haki tare da ɗaya daga cikin sauran, ranar nan za a kai ta likita, ko da ba a yi suna ba. A gaya wa ma'aikacin lafiya ranar da ta haihu da ranar da hakin ya fara. A auna hawan jini, a saurari ƙirji, a nemi takardar zuwa babban asibiti inda ake ɗaukar hoton zuciya da eko, irin na'urar da ake duba ɗa cikin ciki. Wadda ke haki tana zaune, ko leɓenta ya canza launi, ba a jiran gari ya waye.

Sai maganar kunun kanwa da wankan biƙi. Iyayenmu don ƙauna suke yi mana su, mun sani. Amma kanwa da gishiri suna riƙe ruwa a jiki, zafin ruwa da na gado kuma yana ƙara wa zuciya gudu. Likitocin Zariya tun wancan lokaci sun ja kunne a kai. Don haka mai alamun nan ta dakata da kanwa, ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai. Inna, Gwaggo, Hajiya, ku ne masu magana a ɗakin mai biƙi. In kun ce a tafi likita, ba mai musu. A kiyaye kuma da ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, irin su diklofenak da ibuprofen, don su ma suna tara ruwa.

Ciwon yana da magani, mata da yawa zuciyarsu tana komawa daidai. Sai dai shansa na watanni ne, ba a barinsa don kumburi ya saɓe. Kuma kada a sake ɗaukar ciki sai likita ya maimaita eko ya ba da shawara, don ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana kisa. Wannan magana a yi ta gaban maigida, ya ji da kunnensa daga bakin likita, a zaɓi dabarar tazarar haihuwa tare.

Mu kuma ga namu aikin a taron mako. Mu san masu ciki da masu biƙin ƙungiyarmu, mu tabbata suna zuwa awon ciki, ana auna masu hawan jini, ana yi masu gwajin sida. Duk mai shiga barka ta wanke hannu da sabulu, mai mura ta aiko da gaisuwa daga nesa. In mun je barka, kada idonmu ya tsaya kan jinjiri kaɗai. Mu tambayi uwar: "Ƙanwata, yaya kwana? Kina iya kwanciya shimfiɗe?" Asusun taimako kuma a ware kuɗin mota a ciki, don kada mace ta kwana uku tana haki ana jiran ranar kasuwa a saida akuya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba masu ciwo sauƙi, ya raya mana ƴaƴanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.