An Ƙara Wa Mota Sifirin, Wa Ya Ƙara Mata Birki?

Wata ranar Alhamis a samistar da ta wuce na je Shinkafi gaishe da goggona. Hira ta yi daɗi, na makara, ƙananan motoci duk sun tashi, dole na hau a-kori-kurar da ke dawowa Kaura daga kasuwa. Na ci sa'a aka ba ni gaba, ni da wani dattijo. Bayan motar kuwa ba a magana: buhunan gero da wake an jera har sun wuce kan direba, mutane sun hau samansu, ga awaki biyu a ɗaure.

Kafin mu kai Moriki sai ga garken shanu ya keto titi. Direba ya taka birki, na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya ɗaga ya sake takawa, ya kuma sakewa, sai a na uku motar ta fara jin magana. Da ƙyar muka tsaya, tsakaninmu da wani bajimi bai fi taku biyu ba. Dattijon nan sai salati yake yi. Da numfashina ya dawo na ce, "Maigida, birkin nan lafiya kuwa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta ke nan! Birki na nan garau, famfo dai shika so. Wagga mota satin jiya na ƙara mata sifirin biyu."

Tun ranar maganar nan take cina. Mu a wannan yanki, daga Kaura zuwa Shinkafi, daga Kaura zuwa Zurmi har Jibiya, mun ƙware wajen ƙara wa a-kori-kura ƙarfin ɗaukar kaya. Ana ƙara mata sifirin, mai walda ya ɗaga mata ƙarafan gefe, a sa mata manyan tayoyi. Abu ɗaya ne ba a taɓawa, shi ne abin da zai tsayar da ita. Ra'ayina a nan shi ne duk wanda ya ƙara wa mota kaya bai waiwayi birkinta ba, ganganci ya yi da rayukan mutane, ko da bai sani ba.

Duk ɗalibin injiniya ya san lissafin tun daga ND 1. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Idan nauyin mota ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, zafin da nisan tsayawar sau huɗu za su ninka. Motar da ke gudun 80 tana cin kusan mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin direban nan ya gama famfonsa uku ta wuce rabin filin ƙwallo. Su kuma irin su Hilux da tsohuwar Peugeot 504 ɗin nan, kamfani ya yi su ne don kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba, buhu goma ke nan na kilo 100. Ku je tasha ranar kasuwa ku ƙirga da kanku.

Akwai ma abin da da yawan direbobi ba su sani ba. A yawancin tsofaffin Hilux akwai wani ɗan bawul kusa da gadar baya, wanda ke auna yadda mota ta lotsa. Idan ta lotsa sosai ya san an yi lodi, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To ranar da aka ƙara sifirin, mota ta daina lotsawa yadda ta saba, bawul ɗin sai ya ɗauka ba kaya, ya riƙa tura ƙarfi kaɗan. Ka ga sifirin da direbana yake alfahari da shi, shi ne ya rage masa birkin baya a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Manyan tayoyi ma haka: duk girman taya, birki ya fi shan wahalar riƙe ta.

Sai batun man birki. Wanda ake sayarwa a shagunanmu an rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma man nan yana shan damshin iska, in ya tsufa DOT 3 na iya tafasa a wajen digiri 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, sai ka taka ka ji wayam. Shi ya sa ake so a canza man duk bayan shekara biyu. A nan wa yake canzawa? Ciko kawai ake yi in ya yi ƙasa. Abin da ya fi muni, akwai masu kaɗa ruwa da garin sabulu su zuba in mai ya ƙare a hanya, su kuma manta da shi a ciki. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa da yake jawowa. Akwai kuma masu toshe bututun ƙafa ɗaya da ƙusa in tana yoyo, mota ta koma tafiya da birkin ƙafa uku. Ranar da aka taka da ƙarfi, gefe guda za ta fizga.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kayan gyara sun yi tsada, fasinja ba ya son ƙarin kuɗi, mai mota yana jiran balas da yamma. In ba a yi lodi mai yawa ba, kuɗin mai ma ba zai fito ba. Ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki na rashin tsaro. Akwai wuraren da direba ba ya son rage gudu ko kaɗan, kowa burinsa ya shige gari kafin duhu. Duk na yarda. Amma ai wannan hujja ce a kan gyaran birki. Wanda dole ta sa shi gudu da lodi, a kan titin da ke da ramuka da shanu da 'yan acaɓa, shi ya fi kowa buƙatar birkin da ke kamawa a taku ɗaya. Kuɗin man birki da sabon fad ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, balle kuɗin asibiti, balle rai. Araha dai ba ta ado.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a je a ciro masta ko birkin wata babbar mota a liƙa wa a-kori-kura. Wannan ma wani haɗarin ne. In birkin baya ya fi ƙarfin na gaba, ranar da mota ba kaya tayoyin baya za su ƙulle ta juya da kai a tsakiyar titi. Gyaran gaskiya shi ne a fara mayar da birki yadda kamfani ya yi shi. A zubar da tsohon mai a sa sabo irin wanda aka rubuta a murfin, a fitar da iska. A sa fad mai kyau tun kafin ƙarfe ya fara cin ƙarfe. A buɗe duram ɗin baya a duba shu, a saita shi. A canza robar bututun da ta tsattsage. A gyara birkin hannu, yaron mota ya huta da gudu da weji. In an ƙara sifirin, a sa bakanike ya sake saita bawul ɗin nan. Taya ma a duba shekarunta, akwai lamba huɗu a jikinta, misali 2318 na nufin sati na 23 na shekarar 2018. Bayan duk wannan, a rage lodi, don babu birkin da zai yi maganin tan uku a kan motar tan ɗaya.

To ina ruwanmu mu ɗalibai? Ruwanmu ne tsundum. Motocin nan su muke hawa in an yi hutu, su iyayenmu mata ke hawa zuwa kasuwa, su ke kawo hatsin da muke ci. Makarantar nan tun 1983 take a garin nan tana yaye injiniyoyi, amma ilimin yana tsayawa a bakin get. Duk shekara muna ƙera injin casa da injin niƙa a matsayin furojet, a ba mu maki, a jibge su a wokshof ƙura ta rufe su.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce ta nemi malamanmu na sashen injiniyan kanikanci, a je a zauna da shugabannin ƙungiyar direbobi da kanikawan gari da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ware rana ɗaya kowace samista a riƙa duba birki kyauta a tasha. Ba kame, ba tara, dubawa kawai da shawara. Mu je da ladabi, don bakaniken da ya shekara 30 a ƙarƙashin mota ya san abin da babu shi a handawut ɗinmu, mu ma muna da lissafin da zai amfane shi. 'Yan HND 2 masu neman taken furojet kuwa, ga shi a ƙofar gida: a auna nisan tsayawar a-kori-kura da kaya da kuma babu kaya, a rubuta sakamakon da Hausa a kai tasha.

Kafin nan, ɗan uwa, in ka hau mota ka dubi ƙafar direba tun a cikin gari. In ka ga sai ya yi famfo take tsayawa, ka yi magana. In an ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ka ce haka ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ni ranar nan ban sauka ba, na ji kunya, na ji tsoron dare, na zauna ina kallon ƙafar mutumin nan har Kaura. Wataƙila motar tana nan tana lodi duk Alhamis, kuma ƙanen wani a cikinmu yana saman buhunan.

Allah Ya tsare mu, Ya kai kowa gida lafiya.