Rana Ta Kowa Ce, Amma Rufin Na Mai Gida Ne

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya, in taɓo wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu marubuta mun iya gina wa jarumi gidan bene mai wutar da ba a ɗaukewa. Amma yarinyar da ke karanta littafin a ɗakin haya a Funtua da fitilar waya take karantawa, wayar ma sai da aka biya mai caji.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ɗan ƙaramin janareta ya gagari talaka, wutar KEDCO kuwa sai ta ga dama. Kowa sai ya ce a koma sola. To wa zai koma? Mai hali ya shimfiɗa faranti goma a rufinsa. Ɗan haya fa? Gobe ana iya cewa ya tashi. Wa zai zuba dukiyarsa a kan kwanon wani?

Gaskiya akwai ƙananan na'urori irin na Sun King da d.light: faranti ɗaya, batir, 'yan ƙwayayen fitila da wurin cajin waya. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya duk mako ko duk wata. Ranar tashi ka sa abinka a kwali. Wannan ya dace da ɗan haya.

Sai dai in ka yi jinkirin biya, na'urar kulle kanta take yi. Ga shi a Malumfashi da Bakori da Ƙafur kuɗi ba wata-wata yake zuwa ba. A watan Agusta taki ya cinye aljihu, rumbu ya yi ƙasa, a lokacin ne za a mayar da gida duhu. Tsarin mai albashi aka kawo wa manomi.

Ni a ganina, a daidaita biyan da kaka. Yadda ake ba da bashin taki a biya bayan an girbe masara da waken suya, haka za a yi da sola. Matan cikin gida kuma su yi adashenta, duk wadda ta kwasa a kawo mata tata. Ɗan haya da mai gida su rubuta a gaban mai unguwa cewa farantin na ɗan haya ne, ranar tashi ya kwance kayansa ba rigima.

A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince wa Najeriya dala miliyan 750 don shirin DARES na irin wannan wuta, ta hannun hukumar REA. Tambayata ga wakilanmu: a cikin wannan kuɗi, ina rabon mai ɗaki ɗaya?

Ina sauraron ra'ayinku. Allah Ya sa mu dace, amin.