Kada Mu Jira Sai An Ce A Kawo Jini

Jama'a, ku leƙa bakin ɗakin haihuwa na kowane babban asibiti, a Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, da tsakar dare. Za ku tarar da maza cirko-cirko, waya a kunne, ana kiran ƙane, ana kiran aboki: "Don Allah ka zo a gwada ka, an ce sai an ƙara mata leda biyu." Jinin nan da ake nema ido rufe ba a daren ya ƙare ba. Wata da watanni yana zurarewa a gabanmu, muna cewa laulayi ne, wasu ma suna cewa son jiki ne.

Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin ɗari na yara daga wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar. Wato in ka shiga gidan suna, fiye da rabin matan da ke zaune a tabarmar nan abin ya shafe su. Kuma babban abin da ke kawo shi a duniya duka shi ne rashin isasshen sinadarin ƙarfe a jiki.

A cikin ɓargo jiki yake haɗa jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu ɗaukar iska daga huhu su kai ta ko'ina. Kowace ƙwaya kwana 120 take yi, sai a yi sabuwa. In babu sinadarin ƙarfe, aikin ya tsaya, kamar maƙerin da ya hura wuta amma ba shi da abin da zai ɗora a uwar maƙera. Daga nan sai kasala, jiri, ciwon kai, haki daga ɗan hawa tudu, zuciya na dukan uku-uku. Tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Wata mai cikin ta kama cin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara, mu yi dariya mu ce kwaɗayin ciki ne, alhali jiki ne ke kuka. Yaro kuwa sai ya yi laƙwas, karatu ya ƙi shiga, a sa masa bulala.

Abin takaicin shi ne magani yana nan, kuma ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe kullum, tare da folik asid. 'Yan ƙwayoyin nan ne da ake bayarwa wurin awo. To, ina suke ƙarewa? A ƙarƙashin katifa, ko cikin kwalla. An miƙo su ta taga an ce "ɗaya kullum", ba a ƙara ko kalma ba. Ta sha kwana biyu, ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, zuciyarta na tashi, ta tsorata. Maƙwabciya ta ce ai su ne ke sa ɗa ya yi ƙato a sha wuyar naƙuda. Shi ke nan, an ajiye.

Malaman asibiti, da ku nake. Na san layi yana da tsawo, ku kuma ba ku da yawa. Amma maganin da ba a yi bayaninsa ba asara ce biyu, ta kuɗi da ta rai. Ku faɗa mata da Hausar da za ta gane: baƙin bayan gida ba illa ba ne, aikin maganin ne. In yana tayar mata da zuciya, ta sha bayan ta ɗan ci wani abu ko daf da kwanciya. In ciki ya bushe, ta ƙara ruwa da ganye. Ba ya kumbura jariri. Ƙarancin jinin ne ma ke kawo bakwaini da ɗan da bai kai nauyi ba, kuma shi ke sa zubar jinin da mai lafiya za ta jure ya kada wadda jininta ya yi ƙasa. Wanda aka sa wa maganin don jinya, ya sani ba a dainawa don an ji sauƙi, sai an ƙara kamar wata uku kafin ma'ajiyar jiki ta cika. Sannan ku ce ta maimaita muku abin da ta ji. A kuma ɗaga ƙwayoyin sama, don in ƙaramin yaro ya haɗiye su da yawa suna iya kashe shi.

Sai maganar shayi, wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Shayi yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe, madara ma haka. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu da abinci ko magani. Lemon malta da madarar gwangwani da muke haɗa wa mai jego da sunan ƙarin jini, zaƙi ne kawai muke saye. Kuɗin nan da nama aka sayo, ko kifi, ko hanta, da ya fi. Wanda bai da hali, ga wake, ga zogale, ga alayyafo, ga riɗi, ga daddawa a miya. A haɗa da lemo ko gwaiba ko ɗanyen tumatir, don su ne ke taimaka wa jiki ya kama sinadarin. Jaririn da ya cika wata shida, ajiyar da ya zo da ita ta kusa ƙarewa. Tsurar koko ba zai riƙe shi ba.

Kada kuma a ɗauka duk ƙarancin jini iri ɗaya ne. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jini. Tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa tana shan sa. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗaukowa a kududdufi da gonar shinkafa, tana fitar da shi ta fitsari. Mai sikila kuwa nasa daban ne, bai kamata a ɗura masa maganin ƙarfe ba sai likita ya ce. Shi ya sa ake gwaji, ɗigon jini ne daga ɗan yatsa. Namiji baligi ko macen da ta daina al'ada, in aka ce jininsu ya yi ƙasa, kada su tsaya a kan shan magani. A nemo inda yake tsiyaya: gyambon ciki ne, basir ne, yawan shan maganin ciwon jiki ne, ko wani abu ne a hanji da gara a gano shi da wuri.

Maigida, kai ke riƙe da cefane, kai ke ba da izinin fita. Ba a yi adalci ba in tsokar da ke cikin miya kullum kwanonka take tafiya, mai ciki da 'yar budurwar da ta fara al'ada suna suɗe romo. Iya, ke da ake jin maganarki a gidan, ki zama mai tambayar surukarki ko ta sha na yau. Limamai, minti biyar bayan sallar Juma'a ya isa. Malaman Islamiyya, ɗalibanku mata ne abin ya fi ci.

Yau ɗin nan, kafin magariba, kowa ya kira iyalinsa cikin haske, ya duba tafin hannunsu da cikin idonsu. Wanda aka ga ya yi fari, gobe da safe a kai shi a gwada jininsa.