Mudu Biyu a Hannun 'Yan Kasuwar Massachusetts

Akwai wani tunani da ya zauna daram a Amurka: idan manyan 'yan kasuwa suka ce wata doka za ta yi ɓarna, sai a ɗauka tattalin arziki ne da kansa ya yi magana. Abin da ya faru a jihar Massachusetts ranar 5 ga Nuwamba, 2024 ya isa ya sa a daina haɗiye wannan magana ba tauna.

Tambayoyi biyu daga cikin waɗanda aka kai gaban masu zaɓe ne suka tayar da ƙura. Ta 2 ta nemi a daina hana ɗalibi takardar kammala sakandare don kawai ya faɗi jarrabawar jiha ta MCAS. Ta 5 kuwa ta nemi a ɗaga albashin masu kai abinci tebur, waɗanda ke rayuwa da tukuicin baƙi, daga dala 6.75 a awa zuwa dala 15, mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata, kuma a hankali, sai 2029 a kammala. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka yi wa duka biyun taron dangi.

A kan ɗalibai, hujjarsu ita ce ma'auni ɗaya ga kowa, ba sani ba sabo. Attajiri Michael Bloomberg, wanda mazaunin New York ne, ya zuba dala miliyan 2.5 don kare jarrabawar. Su wa aka riƙa tacewa da wannan rariya? Yara kimanin 700 a shekara, da yawansu masu naƙasa ko 'ya'yan baƙin haure da har yanzu suke lalube a Turanci. Yarinya ta zo daga Haiti, ta ci darussanta, malamai sun shaide ta, amma takarda ɗaya ta rufe mata ƙofa.

Da aka juyo kan albashi, sai ma'auni ɗayan ya bi iska. Nan mudu biyu ya halatta: dala 15 ga mai wanke kwanuka, dala 6.75 ga mai ɗaukar faranti, sauran a nema a aljihun baƙo. Za a ce ai doka ta tilasta wa mai gidan abinci ya cike giɓin in tukuici bai kai ba. Haka ne a rubuce. Amma wace mai kai abinci ce za ta tsare maigidan da ke raba ranakun aiki, ta ce biya ni cikon yammacin Talata da ba kowa?

Gaskiya ne ma'aikata da dama sun ƙi tambaya ta 5 don tsoron kada tukuici ya ƙafe, Gwamna Maura Healey ma ta ƙi ta. Sai dai Kalifoniya da Nevada da Minnesota suna cikin jihohi bakwai da ke biyan cikakken albashi, kuma baƙi ba su daina ba da tukuici ba, gidajen abinci ba su ƙare ba.

Masu zaɓe sun raba hukuncinsu biyu. Kusan kashi 59 cikin ɗari suka soke sharaɗin jarrabawar, kusan kashi 64 suka ƙi ƙarin albashin. 'Yan kasuwar sun sha kaye inda suka kare aƙida, sun yi nasara inda suka kare aljihu, mai kai abinci a Boston kuwa ta wayi gari a kan dala 6.75 ɗinta.