Tsoro ne dillalin bindiga a arewacin Zamfara

A al'adar kasuwa, kaya in ya sha hannu darajarsa raguwa take yi. Babur ɗin da aka hau shekara biyu ba ya kama kuɗin sabo, haka waya, haka injin ban-ruwa. Bindiga ce ta saɓa wa wannan al'ada a ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Duk daren da aka kai wa wani gari hari, tsohuwar fistol mai tsatsa takan wayi gari da sabon farashi, domin masu nema sun yawaita, wanda yake da ita kuma ya fasa sayarwa.

Tushen lamarin yana cikin doka. Dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su. Izinin bindigar farauta yana hannun sufeto janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ke nan babu shagon da manomin Zurmi zai shiga ya ji kuɗin sabuwa, balle ya taya tsohuwa da hujja. Duk wadda za ta iso hannunsa ta riga ta yi yawo: ko ta ratso Nijar cikin makaman da suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ko ta sulale daga wata ma'ajiya, ko maƙeri ne ya haɗa ta a ɓoye. Mai saye ba ya gwadawa, ba ya mayarwa, in an cuce shi kuma ba shi da wurin kai ƙara.

Rububin sayen bindiga ba Zamfara ce ta fara shi ba. A Amurka, shekarar korona da zanga-zangar kisan George Floyd, wato 2020, hukumar FBI ta gudanar da binciken tantance masu saye kusan sau miliyan 40, shaguna suka yi ƙaf, tsofaffin bindigogi suka yi tsada. Sai dai can akwai masana'antu masu ƙara ƙira har farashi ya lafa. A nan, gurbin masana'antar mai fasa-ƙwauri ne ya cike shi.

Wannan ne ya sa sanarwar gwamnatin Bello Matawalle ta watan Yunin 2022 ta cancanci a sake duba ta. An ce jama'a su mallaki bindiga su kare kansu, za a raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin 19. Ba a jima ba rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin ba da lasisi yana nan, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Sanarwa dai ta riga ta shiga kunne. An halatta wa mutane nema a zuci, ba a buɗe musu ƙofar samu ta halal ba, kuma babu abin da ɗan kasuwar bayan fage yake so irin wannan.

Mai safarar kuwa ba ya tambayar ɓangare. Hanyar da ke kawo wa ɗan sa-kai harsashi ita ce ke kai wa na cikin daji, don haka san noman da magidanci ya sayar ya sayi fistol yana iya zama jarin da zai sayo AK-47 ɗin da za a zo masa da ita. Fistol ɗin ma ba ta tsayawa gaban ayarin babura. Ɗan barcin dare kawai take saya masa. Duk da haka, wanda zai zarge shi sai ya fara tuna Banga ta ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda, inda a 2025 aka kashe mutum fiye da 30 a hannun masu garkuwa bayan an biya kuɗin fansa.

Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024, kuma ko ba komai an san sunayensu da abin da aka damƙa musu. Bindigogin da aka saya cikin firgici ba sa cikin rajistar kowa. Suna nan a rufin ɗaki da cikin rumbu, kuma za su kasance a wurin ranar da rigimar iyakar gona ko rabon gado ta taso tsakanin 'yan gida ɗaya.