Cuɗe Ni In Cuɗe Ka a Tumbin Rago

Ragon da muke kiwo ba ya iya narkar da ciyawa shi kaɗai. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne suke yi masa aikin a cikin tumbi, su ma sai da taimakon juna.

Bakteriya ke farfasa ciyawar, su fitar da sinadaran da dabba ke samun ƙarfi da su, tare da iskar haidurojin. Idan iskar ta taru, aikinsu sai ya ja baya. A nan ne wasu halittun, da ake kira arkiya, suke kwashe ta, su mai da ita iskar metan, rago ya yi gyatsa ya fitar. Sharar wani, abincin wani.

A shekarar 1967 Marvin Bryant da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da irin wannan zama, inda suka gano cewa wata ƙwaya da aka daɗe ana ɗauka ɗaya ce, ashe biyu ne masu ciyar da juna.

To, mu masu kiwon layya sai mu kula. Idan muka cika wa rago gero ko masara dare ɗaya, tumbi kan yi tsami ƙwarai, abokan aikin nan su mutu, dabba ta ƙi ci, ta yi zawo, wani lokaci ma a yi asararta. Mu riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, kada kuma mu yanke masa harawa da ciyawa.