Kokon wata huɗu da hutun haihuwar da bai kai ba

A Kafanchan ana iya samun mata biyu a unguwa ɗaya, sun haihu a mako ɗaya: ɗaya malamar makarantar gwamnatin jiha, ɗaya ma'aikaciyar tarayya. Ta farkon tana da hutun wata shida tun da Jihar Kaduna ta amince da shi a 2019. Ta biyun za ta koma ofis kafin jaririnta ya cika wata shida, kuma daga nan ne kokon masara ke shiga bakinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, sannan a ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu. Amma uwar da ke bakin aiki da ƙarfe takwas ba ta da yadda za ta yi, sai ta bar wa kaka ko 'yar raino koko tatacce, wanda aka raba shi da dusa gaba ɗaya. Bayan 'yan kwanaki yaro ya fara yunƙuri yana kuka, bayan gidansa ya fito da tauri kamar na akuya. Sai gida ya rikice, wannan ta kawo jiƙo, waccan ta ce a lasa masa zuma. Zuma kuwa haɗari ce ga yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jiki.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Jaririn da ke shan nono kaɗai na iya yin kwanaki bai yi bayan gida ba, kuma lafiyarsa ƙalau muddin abin da ya fito mai laushi ne. Taurin ake dubawa. Iyaye da dama kan ɗura wa yaro magani a kan ciwon da ba shi da shi.

Idan wata shida ya cika, kudancin Kaduna ba ta rasa abin da cikin yaro ke so ba. Faten acca mai ruwa-ruwa da alayyahu, wake da aka dafa ya narke, gwanda nunanniya da aka murje, kurɓin ruwa mai tsabta a kofi, ga nono bai tsaya ba. Abu ɗaya ake farawa da shi, cokali biyu ko uku, a ga yadda cikin zai karɓa. In aka ga jini, ko amai, ko ciki ya kumbura yaro ya ƙi nono, asibiti za a nufa a ranar.

Masu rubuta dokokin aikin gwamnati a Abuja sun samar wa maza hutun kwana 14 a 2021. Hannun da ya rubuta wannan zai iya cika wa mata nasu ya kai wata shida, kamar yadda Kaduna ta yi.